Tafi Ɗaya Ya Isa A Gane Buhu

Mai sayen gero a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ba ya zazzage buhu a ƙasa. Hannu yake turawa ya ɗebo cikin tafi, ya murza, ya shinshina, ya tauna ƙwaya biyu, nan take ya san abin da zai taya. Haka ma'aikacin ɗakin gwaji yake yi a asibitin Daura. Baligi na ɗauke da jini kamar lita 5, amma abin da sirinji ke zuƙa cokalin shayi ɗaya ne ko biyu, kuma ya isa ya tona asirin sauran.

Cikar ƙwaya ake fara dubawa. A takardar sakamako za ka ga PCV ko Hb, ma'aunin jajayen ƙwayoyin da ke kai iska ga gaɓoɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan Hb ya gaza 13 ga namiji, 12 ga mace, ko 11 ga mai juna biyu, to jini ya yi ƙasa. Mutum na iya zama ɓul-ɓul a ido, amma cikinsa buhu ne da ƙaiƙayi ya yi wa yawa: jiri, kasala, haki daga ɗan tafiya. Zazzaɓin cizon sauro na damina, tsutsar ciki, haihuwa kusa da kusa da ƙarancin nama, wake da zogale a tukunya duk suna jawo haka. Fararen ƙwayoyi kuwa, masu yaƙi da cuta, sukan tsaya tsakanin 4,000 da 11,000. In sun haura, galibi akwai baƙon da ya shigo.

Suga shi ne danshin da aka ɗaure a buhu. Daga waje lafiya lau, ciki yana lalacewa a hankali, har ya taɓa ido, ƙoda da ƙafa. Wanda aka gwada da safe bai karya ba, 70 zuwa 99 daidai ne, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 ko fiye a gwaji biyu ciwon suga ne. Akwai kuma HbA1c, wanda ba a yi masa wayo da ƙaurace wa lemon kwalba na kwana biyu, domin matsakaicin wata biyu zuwa uku yake nunawa. Dalili shi ne jan ƙwayar jini tana rayuwa kamar kwana 120.

Sai tsakuwa da dusa. Ƙoda ce ke tankaɗe dattin jini, idan sinadarin kiriyatinin ya taru, tankaɗen ya fara gazawa. Hauhawar ALT na nuna hanta na shan wuya, HBsAg kuma yana gano ciwon hanta nau'in B, wanda kan shekara da shekaru a jiki ba alama.

Iri kuwa ba ya canzawa. Wanda aka haifa AA, AS ko SS haka zai zauna. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi 25 cikin 100 na zuwa da sikila, don haka gwajin irin jini kafin a kai kuɗin aure ya fi amfani, ba bayan an sa rana ba.

Lamba ɗaya ba ta yanke hukunci. Ciki, shekaru, azumi da maganin da mutum ke sha duk suna motsa sakamako, kuma ma'auni kan ɗan bambanta daga ɗakin gwaji zuwa wani. Gwajin Widal ma shi kaɗai ba ya tabbatar da taifod, duk da yadda ake ɗirka wa mutane magani a kansa. Kada ka kai takardarka kemis a haɗa maka ƙwayoyi. Ka kai wa likita, ka kuma adana tsofaffin takardunka, domin sai ya jera na bara da na bana zai gane ko sauƙi ake samu ko ciwo ne ke tafe.