Kwamfutar hannu ta Naira 500,000: nawa ne ainihin rangwamen harajinta?

Tun da sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta fara aiki a Janairun 2026, masu sana'a ke ta jin cewa duk abin da mutum ya saya saboda kasuwancinsa ana cire masa shi daga haraji. Mai zanen gine-gine, da mai ɗaukar hoto, da mai sayar da atamfa ta intanet, kowa na ganin in ya sayi kwamfutar hannu irin iPad ko Galaxy Tab, gwamnati ce za ta mayar masa da kuɗin. Alƙaluma ba haka suka nuna ba. Daga ribar da za a ɗora wa haraji ake cire kuɗin na'urar, ba daga harajin kansa ba, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai yawa.

Matakan harajin mutum ɗaya

Wanda ke sana'a da ƙashin kansa, ba a ƙarƙashin kamfani ba, hukumar tattara kuɗin shiga ta jiharsa yake biya wa haraji. Ga matakan da sabuwar dokar ta tsara a shekara:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Naira miliyan 2.2 na gaba: kashi 15 cikin 100.
Naira miliyan 9 na gaba: kashi 18.
Naira miliyan 13 na gaba: kashi 21.
Naira miliyan 25 na gaba: kashi 23.
Abin da ya haura Naira miliyan 50: kashi 25.

Duk Naira ɗaya da aka cire daga riba, daga matakin ƙarshe da mutum ya taka take fita. Shi ya sa na'ura ɗaya, a farashi ɗaya, take jawo wa mutum biyu rangwame daban-daban.

Me ya sa ba a cirewa gaba ɗaya

Doka ta raba kuɗin da ɗan kasuwa ke kashewa gida biyu. Akwai na yau da kullum, irin su hayar shago, da kuɗin data, da gyara; waɗannan ana cire su duka a shekarar da aka kashe su. Akwai kuma kuɗin kayan da za su jima ana mora, kamar injin, da mota, da kwamfuta. Su kam jari ne, don haka kaɗan-kaɗan ake cire su duk shekara. Sabuwar dokar ta kasa su rukuni uku: gine-gine kashi 10 cikin 100 a shekara, injina da kayan aiki da kayan ofis kashi 20, motoci da manhajojin kwamfuta kashi 25. A tsohuwar dokar kamfanoni ana iya cire rabin kuɗin injina tun shekarar farko, amma yanzu an soke wannan gatan. In aka sa kwamfutar hannu a rukunin kayan aiki, shekara biyar ke nan kafin a gama cin moriyar rangwamenta.

Lissafin a fili

A ɗauka wata mai zanen tufafi ta sami ribar Naira miliyan 5 a shekara bayan cire sauran abin da doka ta yarda. Harajinta: ba komai a kan 800,000 na farko, sai 330,000 a kan miliyan 2.2, sai 360,000 a kan ragowar miliyan 2. Jimilla Naira 690,000.

Ta sayi kwamfutar hannu a kan Naira 500,000. Da rana tana zane da ita tana nuna wa masu saye samfuri, da dare yara su kalli fim. Sharaɗin doka shi ne a kashe kuɗin kacokan domin neman ribar da ake ɗora wa haraji, saboda haka rabon gida ba ya shiga lissafi. In kashi 80 na amfanin na sana'a ne, Naira 400,000 ce abin lissafi. Kashi 20 na wannan shi ne 80,000 a shekara. Ribarta ta sauka zuwa 4,920,000, harajinta ya koma 675,600. Abin da ya rage mata a aljihu: Naira 14,400.

A shekara biyar ya zama 72,000, wato kashi 14.4 cikin 100 na farashin. Sauran 428,000 ita ta biya daga guminta. Rangwamen bai wuce gyaran da mai awo ke ƙara wa wanda ya riga ya biya kuɗin mudu ba.

Ga yadda na'urar take fita ga sauran mutane, a kan wannan rabo na kashi 80:

Wanda ribarsa ba ta kai 800,000 ba: sifiri, domin dama ba a binsa komai.
Wanda ke matakin kashi 15: Naira 12,000 a shekara, 60,000 a shekara biyar.
Wanda ke matakin kashi 25: Naira 20,000 a shekara, 100,000 a shekara biyar.

Kamfanin da ke biyan kashi 30, in na'urar ta aiki ce zalla, zai rage 30,000 duk shekara, 150,000 gaba ɗaya. Ƙananan kamfanonin da doka ta yafe wa harajin riba kuwa babu abin da zai ragu musu. Ma'ana, mai ƙarfi ya fi mai ƙaramin jari cin gajiyar wannan tanadi.

Tsadar rayuwa ma tana cin rabonta. In farashin kaya na tashi da kashi 15 duk shekara, Naira 14,400 ta shekara ta biyar ba za ta sayi fiye da abin da kimanin 8,200 ke saya a shekarar farko ba. A wasu ƙasashe ba a wannan jiran: a Birtaniya ɗan kasuwa na iya cire kuɗin kayan aiki har na fam miliyan 1 a shekarar da ya saye su, a Amurka kuma ana iya cire abin da bai wuce dala 2,500 ba nan take. Shawarar da ake kwasowa daga can, cewa a sayi na'ura a ƙarshen shekara don a zabge haraji, ba da lissafin Najeriya aka yi ta ba.

Inda kuɗin yake ɓuya

Abin da mutane ke rainawa ya fi na'urar kawo sauƙi. In mai zanen tufafin nan na sayen data ta Naira 15,000 a wata, 180,000 ke nan a shekara. Kashi 80 na sana'a ya kama 144,000, kuma ana cire shi duka a shekarar. A matakin kashi 18, harajinta zai ragu da 25,920, kusan ninki biyu na abin da kwamfutar ta jawo. Haka kuɗin canza gilashin da ya fashe da kuɗin manhajar da ake biya wata-wata. Sai dai su ne aka fi sakaci da ajiye shaidarsu.

Rasit da harajin VAT

Sabuwar dokar ta zo da wani sharaɗi mai tsauri: kayan da ya wajaba a caji VAT a kansu amma ba a caja ba, ko waɗanda aka shigo da su ba a biya kuɗin kwastan ba, ba su da rangwame. VAT kashi 7.5 ne, wato 37,500 a kan 500,000. In babban dila ya ce zai sauke maka wannan muddin ba ka bukatar takarda, ka tsira da 37,500 yau, ka yi asarar rangwamen da ya haura 70,000. Wanda ke da rajistar VAT kuma yana karɓar ta daga masu sayensa, yanzu doka ta ba shi damar cire wadda ya biya a kan kayan jari daga wadda zai miƙa wa hukumar harajin tarayya ta NRS, wadda ta gaji FIRS.

Don haka ko a Farm Centre ta Kano aka saya, ko a Computer Village ta Ikeja, a karɓi rasit mai sunan mai sayarwa, da kwanan wata, da lambar na'urar, a kuma biya ta asusun banki na sana'ar. A rubuta dalilin rabon kashi 80 ko 60 tun ranar saye, domin jami'in haraji na da ikon tambaya, kuma hujja a wuyan mai nema take. Ana bukatar ajiye takardun na aƙalla shekara shida. Mai sana'a na miƙa bayanin kuɗin shigarsa na bara zuwa ranar 31 ga Maris, kuma a cikin wannan bayani ake neman rangwamen. Wanda bai nema ba, babu mai bin sa da shi har gida.