Abin da ya ƙone garin Lahaina, da abin da mutanensa suka tashi nema

Duk lokacin da wata babbar gobara ta tashi a Amurka, sai tsohon zancen nan ya dawo Facebook da TikTok, wai wani makamin haske ne aka harbo daga sama. Cikin hujjojin masu yaɗa shi akwai hotunan garin Lahaina da ke tsibirin Maui a jihar Hawayi, wanda ya ƙone ranar 8 ga Agusta, 2023. Suna cewa ta yaya gidaje za su zama toka, motoci su narke, amma bishiyoyi na tsaye? Ɗaya daga cikin hotunan da suka fi yawo, mai nuna haske ya miƙe tsakanin sama da ƙasa, an gano hoton harba rokar kamfanin SpaceX ne a Kalifoniya a 2018. Amma ba wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Abin da ya fi damuna shi ne jita-jitar tana wanke masu laifin gaske, tana kuma danne muryar mutanen da suka rasa iyaye da 'ya'ya.

Amsar batun bishiyoyi tana bakin murhu. Duk macen da ta taɓa fama da ɗanyen icce ta san sai dai ya yi ta hayaƙi yana tsiyayar da ruwa, alhali busasshen kara da ke gefensa ya cinye tuntuni. Bishiya mai rai cike take da ruwa. Gidajen Lahaina kuwa galibi na katako ne da ya shekara da shekaru yana shan rana, cikinsu katifu, labule, fenti, roba da tukwanen gas. Kuma wutar daji ba sai harshenta ya taɓa gida take cin sa ba. Iska ce ke ɗaukar garwashi da tartsatsi ta yi gaba da su, su faɗa kan rufi, su maƙale cikin busassun ganyayen da suka taru a indararo, ko su shiga ta kafar iska. Da gida ɗaya ya kama, shi ne zai kunna na kusa da shi. Daga nan ta daina zama wutar daji, ta koma gobarar gari. A ranar, yayin da guguwar Dora ke wucewa can kudu da tsibiran, iska ta riƙa bugawa da gudun da ya kai kilomita 100 a awa.

Akwai wani gida mai jan rufi a titin Front da ya tsira shi kaɗai a tsakiyar toka, masu jita-jita suka mai da shi abin al'ajabi. Gidan katako ne mai kusan shekara ɗari. Masu shi sun yi masa gyara ba da daɗewa ba, suka sa rufin kwano mai kauri, suka cire shuke-shuken da ke jingine da bango, suka zuba duwatsu kewaye da gindin ginin. Tsoron gara ne ma ya sa suka yi hakan. Da garwashi ya sauka, sai ya tarar da ƙarfe a sama, dutse a ƙasa.

Binciken hukumar kashe gobara ta Maui da hukumar ATF ta tarayya mai binciken musabbabin gobara, wanda aka fitar a Oktoban 2024, ya ce wayar lantarki ce ta tsinke da sassafe ta kunna ciyawa. 'Yan kwana-kwana suka zo suka kashe, suka tsaya sa'o'i, suka tafi a kan cewa ta mutu. Wajen ƙarfe 3 na rana ta sake tashi. Ita kuma ciyawar ba da kanta ta zo ba. Irin ciyayin da aka kawo daga Afirka ne don kiwon shanu, suka mamaye tsofaffin gonakin rake bayan kamfanin sukari na Pioneer Mill ya rufe a 1999. Filayen suka zauna ba noma ba shara. Tun 2014 masana suka yi gargaɗi a rubuce cewa yammacin Maui na cikin haɗari, a 2018 kuma wata gobara ta cinye gidaje kusan 20 a gefen garin. Ba wanda zai ce bai sani ba.

Sannan ga batun jiniya. Hawayi na tinƙaho da jiniyoyin gargaɗi kusan 400, amma ko ɗaya ba a busa ba a ranar. Shugaban hukumar agajin gaggawa ta Maui, Herman Andaya, ya ce ya ji tsoron mutane za su zaci igiyar tsunami ce su gudu kan tudu, inda wutar take. Bayan kwana ɗaya da wannan magana ya ajiye aiki. Mutum 102 suka mutu, wasu a cikin motocinsu a cunkoson hanya, wasu kuma sun tsira ne da faɗawa cikin teku. Gine-gine fiye da 2,200 suka ƙone. Amurka ta fi shekara 100 ba ta ga gobarar daji da ta ci rayuka haka ba.

Toka ba ta gama hucewa ba dillalan filaye suka fara kiran waɗanda suka rasa gidaje, suna taya filayensu. Lahaina tsohuwar hedikwatar masarautar Hawayi ce, a bakin teku take, masu kuɗi sun daɗe da kwaɗayinta. Dubban mutane na zube a otal-otal, ga kuma dubban gidaje a tsibirin da ake bai wa masu yawon buɗe ido haya ta 'yan kwanaki. Sai mazauna garin suka haɗu ƙarƙashin ƙungiyar Lahaina Strong. A Nuwamban 2023 suka kafa tantuna a gaɓar Ka'anapali, gaban manyan otal-otal, suka dasa sandunan kamun kifi a yashi, domin doka ta ba masunci damar kwana a bakin teku. Suka zauna nan wata da watanni suna neman abu guda: a ba 'yan gari muhalli kafin baƙi. A Mayun 2024 Gwamna Josh Green ya sa hannu kan dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon taƙaita irin wannan haya, shugaban gundumar Maui, Richard Bissen, kuma ya gabatar da ƙudurin soke ta a gidaje kusan 7,000.

Ba su tsaya nan ba. Sun cika zaurukan taro suna tambayar inda za a zubar da tokar garin, wadda gwaji ya nuna tana ɗauke da dalma da gubar arsenik, suka ƙi yarda wurin wucin gadi da aka jibge ta a yankin Olowalu ya zama na dindindin, aka kuwa zaɓi wani wurin. Sun kai ƙara kotu, a Agustan 2024 kamfanin lantarki na Hawaiian Electric da gwamnatin jiha da gunduma da manyan masu filaye suka amince su biya diyyar kimanin dala biliyan 4. Kamfanin ya kuma fara tsarin ɗauke wuta da gangan idan iska ta yi ƙarfi lokacin fari, matakin da ba shi da shi a ranar gobarar.

Duk wannan sun same shi ne saboda sun san sunan kamfanin da ke da wayar, sun san mai filin da ya bar ciyawa, sun san ofishin da jiniya ke hannunsa. Wanda ya yarda makamin sama ne ba shi da wanda zai kai ƙara. Don haka, mai karatu, in hoton nan ya sake shigo maka waya, kada ka tura. In kuma kana da busasshiyar ciyawa ko tarin kara jingine da katangarka, ko wata waya na lilo a unguwarku, ku tara maƙwabta ku share, ku kai maganar wayar gaban mai unguwa da kamfanin wuta kafin iskar hunturu ta kankama.