Kan keke na kabon: ya cancanci kuɗinsa a hanyoyin Garoua?

Masu hawa keken dutse, wanda ake kira VTT da Faransanci, suna da wuraren motsa jiki a arewacin Kamaru: gangaren dutsen Tinguelin a kusa da Garoua, hanyoyin burji na wajen Lagdo, da tsaunukan Mandara. Duk wanda ya yi awa biyu a irin waɗannan hanyoyi ya san yadda hannu ke sagewa saboda girgiza. Wannan ne ya sa wasu ke sha'awar sauya kan keke, wato guidon, daga alminiyom zuwa kabon. Shin sauyin ya cancanci kuɗin?

Mene ne kabon ɗin?

Ba ƙarfe ba ne. Siraran zaruruwa ne da ake jerawa shimfiɗa kan shimfiɗa, a haɗa su da wani irin danƙo, a gasa su cikin mazubi. Da yake masana'anta ce ke tsara yadda zaren zai kwanta, tana iya sa kan ya ɗan lanƙwasa sama da ƙasa don rage girgiza, amma ya tsaya ƙyam wajen juya keke.

Nauyi da farashi

Kan alminiyom mai faɗin milimita 780 zuwa 800 yakan kai kimanin giram 300 ko fiye. Na kabon mai wannan faɗi yakan tsaya tsakanin giram 200 da 240. Bambancin bai wuce giram 100 da wani abu ba, kusan nauyin ruwan rabin kofi.

A Turai, na kabon daga sanannun kamfanoni irin su Renthal ko Race Face yakan haura yuro 100. Tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, hakan ya zarce sefa 65,000 tun kafin kuɗin aikowa da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Kamaru ta tsayar a 2023 ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne. Na alminiyom mai kyau kuwa ana samunsa a rabin farashin ko ƙasa da haka.

Inda haɗarin yake

Idan aka faɗi da kan alminiyom, yawanci lanƙwashewa yake yi, mai keke ya gani da idonsa. Kabon ba ya lanƙwashewa. Yana iya tsagewa ta ciki alhali fentin yana nan lafiya, sai wata rana a gangare ya karye farat ɗaya.

Abin da ya fi jawo hakan shi ne ɗaure kusoshi fiye da kima. Masana'antu kan rubuta iyakar ƙarfin ɗauri a jikin kayan, galibi Nm 4 zuwa 6 a wurin da kan ke haɗuwa da wuyan keke, kuma sai da sifana mai awo ake iya kiyaye ta. Mai gyaran keken da ya saba da kekunan dako na ƙarfe zai ɗaure da iya ƙarfinsa, domin haka aikin ya koya masa. In kuma kan ya tsage, mai walda ba shi da abin yi a kai.

Akwai kuma tafiya. Keken da aka ɗora saman motar haya daga Garoua zuwa Maroua ko Ngaoundéré, aka tamke da igiya, aka jibga buhuna a kansa, yana iya samun rauni ba tare da mai shi ya sani ba. Haka ma kayan gwanjo: babu mai iya faɗa maka sau nawa aka faɗi da su. Jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni ma suna yawo a intanet da araha mai jan hankali.

Wa zai amfana?

Mai shiga gasa, wanda ya sayi sabo daga dila amintacce, yake da sifana mai awo, kuma zai iya jefar da kan bayan mummunar faɗuwa ya sayi wani. In za ka saya, ka auna wuyan kekenka tukuna, domin akwai mai kaurin milimita 31.8 da mai 35, kuma ba sa shiga na juna.

Ga sauran mahaya, girgiza na da magani mafi sauƙi. Rage iskar taya kaɗan, sa robar riƙo mai kauri da safar hannu, sannan a gyara sifirin na gaba. Ragowar kuɗin ya tafi kan tayoyi masu jure ƙaya, birki mai kamawa da hular kwano. Waɗannan su ne za ka ji amfaninsu tun daga hawan farko.