Wa Ke Riƙe da Makullin Ƙofar Ruwa? Tsarin Shugabanci a Aikin Buɗaɗɗiyar Manhaja

Gabatarwa

Duk ɗalibin Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Kudu da ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da rani, ya ga yadda gonaki suke kore shar tun daga Kura har Kadawa, alhali kuwa an yi watanni rabon ƙasa da ruwan sama. Wannan ruwa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala gininta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Yana gangarowa da kansa, ya bi babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir da albasa a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Dubban manoma ke amfana da shi, kuma babu ɗayansu da zai bugi ƙirji ya ce nasa ne shi kaɗai. Duk da haka, ba kowa ne ke da ikon murɗa ƙofar ruwa ba.

A aljihun wasu daga cikin waɗannan manoma akwai wata dukiyar tarayya irin wannan. Wayar hannu mai Android an gina ta ne a kan Linux, wato wata manhaja da dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suka yi wa aikin gayya, suka bar ta kowa ya ɗauka. To, abin tambaya a nan shi ne: idan abu na kowa ne, wa ke yanke shawara a kansa?

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Manhaja jerin umarni ne da masana ke rubutawa domin kwamfuta ta bi. Wannan rubutu shi ne asalin manhajar, kamar yadda iri yake asalin shuka. Kamfanoni da dama sukan ɓoye nasu rubutun, su sayar wa jama'a izinin amfani kawai. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka baje rubutunta a fili, tare da lasisin da ya yarje wa kowa abubuwa huɗu: ya yi amfani da ita, ya nazarci yadda take aiki, ya rarraba ta ga wasu, kuma ya gyara ta ya rarraba gyaran. Richard Stallman na Amurka ne ya kafa tubalin wannan tafiya da shirin GNU a 1983, sannan ya fito da lasisin GPL a 1989. Shekara biyu bayan haka, a 1991, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta Linux.

Sai dai lasisi yana magana ne a kan kwafin da mutum ya ɗauka ya kai gidansa. Bai ce komai ba game da wanda zai taɓa uwar manhajar, wato ainihin rubutun da kowa ke ɗiba daga cikinsa. A nan ne ake bukatar matsayi da dokoki.

Darasi daga bakin magudana

Manomin da gonarsa ke kusa da bakin magudana ba ya rasa ruwa. Na can ƙarshe kuwa sai abin da aka rage masa, kuma idan yashi da ciyawar kacala suka toshe hanya, shi ke fara ji a jikinsa. Saboda haka aka raba aikin ruwa mataki-mataki. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da madatsa da manyan magudanai. Manoma kuma suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya ƙara wa ƙarfi, domin su riƙa tsara rabon ruwa da tattara kuɗinsa da yashe ƙananan magudanai.

Wata masaniya Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, ta yi shekaru tana nazarin irin wannan tsari a wurare kamar Sifen da Filifin da Nepal, kuma ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009. Ta gano cewa dukiyar tarayya takan ɗore idan an san iyakar waɗanda ke cikinta, idan waɗanda doka ta shafa suna da baki wajen tsara ta, idan akwai masu sa ido, idan horo yana hawa daki-daki gwargwadon laifi, kuma idan akwai hanyar sasanta rikici mai sauƙi. Mai karatu zai ga kusan dukkan waɗannan sharuɗɗa a cikin ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja da suka daɗe.

Matsayi huɗu

Sunaye sukan bambanta daga wannan aiki zuwa wancan, amma galibi ana samun matsayi huɗu. Na farko shi ne na masu amfani, kuma su ne mafi yawa. Aikinsu bai tsaya ga ɗiba kawai ba, domin su ne ke fara cin karo da kuskure, su kai rahoto, kamar manomin ƙarshen magudana da ke fara sanar da cewa ruwa ya yanke.

Na biyu shi ne na masu ba da gudummawa. Kowa na iya shiga wannan sahu ba tare da neman izini ba. Wani ya rubuta gyara, wani ya fassara manhajar zuwa harshensu, wani ya rubuta littafin jagora, wani kuma ya gwada sabon fitowa. Abin da suka kawo shawara ce kawai, ba ta shiga uwar manhaja sai an duba.

Na uku shi ne na masu makulli, wato waɗanda aka ba ikon shigar da gyara cikin uwar manhaja. Su ne daidai da mai murɗa ƙofar ruwa. Ba a sayen wannan matsayi, ba a kuma gadonsa. Sai mutum ya daɗe yana kawo aiki mai kyau, an ga haƙurinsa da iya zamansa da mutane, sannan tsofaffin masu makulli su jawo shi cikinsu.

Na huɗu shi ne na kwamitin jagoranci. Shi ke tsara alkiblar aiki, ya amince da sabon fitowa, ya raba gardama, ya kuma karɓe makulli daga wanda ya ci amana. Yawancin ayyuka suna da rubutacciyar dokar ɗa'a da ta hana zagi da cin mutunci, kuma horonta yakan fara da gargaɗi, sai dakatarwa, kafin a kai ga kora.

Yadda ake yanke shawara

Hanya mafi daɗewa ita ce ta jagora guda. A aikin Linux akwai ɗaruruwan masu kula, kowanne da sashensa, kuma gyara yakan bi ta hannunsu hawa-hawa kafin ya isa ga Torvalds, wanda ke da maganar ƙarshe. Wannan hanya tana da sauri, amma nauyinta a wuyan mutum ɗaya yake. Harshen kwamfuta na Python ya ɗanɗani hakan a watan Yuli na 2018, lokacin da wanda ya ƙirƙire shi, Guido van Rossum, ya sauka daga jagoranci bayan wata doguwar taƙaddama, ba tare da ya naɗa magaji ba. Masu makulli suka zauna suka tsara sabuwar doka, kuma tun 2019 majalisar mutum biyar da suke zaɓa ce ke jan ragama.

Hanya ta biyu ita ce ta kundin tsarin mulki. Aikin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, ya rubuta nasa kundin a 1998. Kowace shekara membobi suna zaɓen shugaba, kuma suna da ikon soke hukuncinsa ta hanyar ƙuri'ar gama-gari. Akwai sakatare mai kula da zaɓe, da kwamitin fasaha mai raba gardamar masana. Gyaran kundin kansa sai an samu rinjayen uku bisa ɗaya.

Hanya ta uku ita ce ta Gidauniyar Apache, wadda aka kafa a 1999. A can ƙuri'a iri uku ce: +1 na amincewa, 0 na ba-ruwana, da -1 na ƙin yarda. Idan maganar gyaran rubutu ce, mai ikon ƙuri'a guda ɗaya na iya hawa kujerar na-ƙi, amma tilas ne ya kawo hujja ta fasaha, in ba haka ba ƙuri'arsa ba ta ƙirguwa. Sabon fitowa kuwa yana bukatar aƙalla ƙuri'a uku na amincewa daga 'yan kwamiti, kuma masu yarda su fi masu ƙi yawa. Akan bar ƙuri'a a buɗe na awa 72, domin wanda ke barci a wani ɓangaren duniya ya samu damar tofa albarkacin bakinsa. Bugu da ƙari, ana yin shawara a rubuce a bainar jama'a, yadda wanda ya zo bayan shekara goma zai iya karanta dalilin kowane hukunci.

Amanar makulli

Abin da ya faru da wata ƙaramar manhaja mai suna xz ya nuna muhimmancin waɗannan dokoki. Aikinta matse bayanai ne domin su rage cin wuri, kuma tana cikin miliyoyin kwamfutoci masu Linux, amma shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke kula da ita a lokacin hutunsa, ba tare da albashi ba. Tun wajen 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare masu amfani, har aka yarda da shi aka ba shi makulli. Daga baya sai ya cusa wata ɓoyayyar kafa da za ta ba ɓarayin bayanai damar kutsawa cikin kwamfutocin jama'a. A ƙarshen watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura kwamfutarsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen wani aiki, ya bi diddigi, ya tona asirin kafin ɓarnar ta yaɗu. Buɗewar rubutu ce ta ba shi damar bincike, amma rashin ido na biyu a bakin ƙofa ne ya bari aka kai ga haka. Shi ya sa manyan ayyuka da dama ba sa barin gyara ya shiga sai wani ya duba, komai girman wanda ya rubuta shi.

Inda manhaja ta sha bamban da ruwa

Kwatancen magudana yana da iyaka ta fuska biyu. Da farko, ruwa yana ƙarewa, manhaja kuwa ko mutum miliyan sun kwafa ba ta raguwa. Abin da ke ƙaranci a aikin manhaja shi ne lokacin masu kula da ita, waɗanda su ne masu yashe magudana. Na biyu, manomin da ya yi fushi da ƙungiya ba zai iya naɗe magudana ya tafi da ita ba, amma a manhaja lasisi ya ba kowa damar ya kwafi rubutun gaba ɗaya ya kafa nasa reshe. Haka aka yi a 2010, bayan kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun mai riƙe da OpenOffice. Masu aikin da yawa suka ɓalle suka kafa LibreOffice a ƙarƙashin gidauniya mai zaman kanta. Sanin cewa mabiya na iya tafiya da kayan aiki yakan sa shugaba ya saurare su.

Kammalawa

Wannan magana ba ta nesa ba ce. Manhajar ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington a 2008, buɗaɗɗiya ce, kuma ma'aikatan lafiya a Nijeriya sun yi amfani da ita a wayoyinsu wajen tattara bayanan yaƙi da cutar shan-inna. Wikipedia ta Hausa ma a kan buɗaɗɗiyar manhajar MediaWiki take tafiya, kuma editocinta ne ke amincewa da masu gudanarwa daga cikinsu. Ɗalibin da ya iya Hausa da Turanci zai iya shiga sahun masu gudummawa ta hanyar fassara, tun kafin ya koyi rubuta umarni ko layi ɗaya.

Malamai kuma za su iya gwada tsarin a ƙungiyar kwamfuta ta makaranta. Kafin a fara kowane aikin haɗin gwiwa, sai a sa ɗalibai su amsa tambayoyi huɗu a rubuce: wa ke da ikon shigar da gyara, ta yaya sabon ɗalibi zai samu wannan iko, wa zai raba gardama, kuma wa zai karɓi makulli idan 'yan ajin ƙarshe sun kammala sun tafi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ko a wurin ɗaukar jinka sai an samu mai ba da umarnin ɗagawa, kuma sai kowa ya san kusurwar da zai kama.