An Sa Sabon Batir, Iyakwandishan Ya Ƙi Sanyi: Ina Laifin Yake?

Daga Wakilinmu na Arewa

Wani kuka da masu motoci ke yawan yi shi ne, mutum ya kai motarsa a canja mata batir, ta tashi lafiya lau, amma da ya kama hanya ya kunna iyakwandishan sai ya ji iska mai ɗumi tana hura masa fuska. Ga wanda rana ta ritsa da shi cikin cunkoson Legas, ko a Kano da Sakkwato cikin watan Afrilu, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Abin da ya fi ciwo kuma shi ne kuɗin da akan yi asara bayan haka, domin da yawa sukan zarce wurin mai gas, a ce musu gas ya ƙare ko kwamfaresa ta mutu, alhali kuwa ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan tun farko: cire batir ba ya taɓa gas. Gas yana cikin bututu ne a rufe, ba ruwansa da waya. Idan dai da safe motarka tana sanyi, aka canja batir da rana sanyin ya ɗauke, to, lalle a fara neman laifin a ɓangaren wuta.

Dalili kuwa shi ne motocin yanzu ba irin Fijo 504 da muka sani da ba ne. Cikinsu akwai kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos, kuma iyakwandishan ba ya tashi sai da izininta. Ita ke duba ƙarfin wuta, da zafin inji, da matsin gas, sa'an nan ta ba kwamfaresa umurni. In an yanke mata wuta, takan manta wasu abubuwan da ta koya. In kuma ta ga wuta ba ta isa ba, takan hana kwamfaresa aiki don ta kāre inji.

Abu na farko da za a duba shi ne kan batir. Sau da yawa yaron shago yakan ɗora waya ya buga da sifana ya ce an gama. A kama kowace waya a girgiza. In ta motsa, ba ta ɗauru ba. A kankare farin garin nan da ke taruwa a kai, a kuma duba wayar at inda ta kama jikin mota. Sa'an nan a gwada da mita. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna wajen bolt 12.6 in inji yana kashe, in kuma an tayar da inji ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan inji na aiki amma mita ba ta wuce 12 da 'yan kai ba, altaneta ba ta caji. Watakila ma ita ce ta kashe tsohon batirin, kuma haka za ta kashe sabon.

Na biyu, fis da rile. Tartsatsin da kan tashi lokacin ɗaura waya, ko a juya kan batir ko da na ƙiftawar ido ne, ya isa ya ƙona fis. Akwatin fis yana ƙarƙashin bonet, wani kuma a ƙarƙashin sitiyari, kuma a jikin murfinsa akwai zanen da ke nuna na iyakwandishan da na fanka. In an samu wanda ya ƙone, a sa mai lamba daidai da tasa. Kada a yarda mai rewaya ya naɗa zaren waya a madadin fis, domin ta haka motoci ke kamawa da wuta. In sabon fis ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa jiki, sai a bi ta.

Na uku, a duba soket-soket da ke kusa da mazaunin batir. Wajen ciro tsoho da cusa sabo, hannu kan ture soket na fankar lagireto ko na ma'aunin matsin gas. In fanka ba ta juyawa, kwandansa takan yi zafi, matsi ya hau, kwamfuta ta yanke kwamfaresa. Alamar wannan ita ce a ji ɗan sanyi in mota na gudu, ya ɗauke in an tsaya a cunkoso.

Na huɗu shi ne mantuwar da muka ambata. A bayan dashbod akwai ƙananan ƙofofi da 'yan injina ke juyawa, su ke haɗa iska mai zafi da mai sanyi. Bayan yankewar wuta, wasu motocin sukan rasa sanin inda ƙofofin suka tsaya, sai ka ji gefen direba sanyi, gefen fasinja zafi, ko iska ta riƙa fita ta wajen gilashi kaɗai. Galibi maganin ba ya cin ko kwabo: a murɗa makulli, kada a taɓa kowane maɓalli na minti biyu ko uku, a bar ta ta daidaita kanta. Kowace mota da tata hanyar, saboda haka a duba littafinta. Haka kuma silo yakan sauka, har inji ya nemi mutuwa in an kunna iyakwandishan, musamman in totur ya yi datti. A wanke totur, a bar inji ya yi zafi yana silo kamar minti goma, komai a kashe.

Akwai kuma motoci irin BMW da Audi da wasu Ford, waɗanda ke da na'urar lura da batir. Su sai an sa kwamfuta an sanar da su cewa an sa sabo, in ba haka ba za su ci gaba da yi masa cajin tsoho, har su riƙa rage wuta ga kayan jin daɗi. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da soket ɗin bincike mai suna OBD-II, saboda haka yawancin tokumbo suna da shi. A jona sikana a karanta abin da motar ke kuka da shi kafin a kwance komai.

Sai an gama duk wannan ne za a je ga gas, shi ma da ma'auni, ba da ka ba. Gas iri-iri ne. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka bar R-12 aka koma R-134a, sa'an nan daga 2017 sababbin motocin Tarayyar Turai suka koma R-1234yf. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet mai nuna iri da adadin da motar ke ɗauka. Gauraya su, ko cika fiye da kima, yana lalata kwamfaresa. Kada kuma a bari a haɗa kwamfaresa kai tsaye da batir don a tilasta mata juyawa. In gas ya yi ƙasa, mai ba ya zagayawa, sai ta ƙone, a koma neman wata a Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka. Masu mota irin Toyota Prius su yi hattara ƙwarai, domin tun daga ƙirar 2004 kwamfaresarta da babbar wuta take aiki, kuma wayoyin nan masu launin lemo suna iya kisa.

Rigakafi dai ya fi magani. Ranar canja batir, a kashe mota a zare makulli, a fara cire wayar mai alamar ragi, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe. A sayi batir daidai girman da aka rubuta wa motar. Kafin ka biya kuɗi ka bar shagon, kunna iyakwandishan ka ji sanyinsa da kanka, domin in ka dawo gobe, ce maka za a yi dama haka ka zo da ita. Allah ya kiyaye hanya.