Ciwon Da Ba Mu Raɗa Wa Suna Ba

Masu iya magana na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To amma akwai labarin da fuska ke ɓoyewa, sai a tarar da shi rubuce a jikin yaro, ƙarƙashin hannun riga. Ina magana ne kan matasan da ke raunata kansu da gangan, ba lallai da nufin mutuwa ba.

Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara binciken ƙasashe 41 daga 1990 zuwa 2015, ya gano cewa kusan kashi 17 cikin ɗari na matasa sun taɓa aikata haka, wato ɗaya cikin shida. Akasari sukan fara ne wajen shekara 13, kuma 'yan mata sun fi yawa. Babban dalilin da suka bayar shi ne neman sauƙi daga ƙuncin da ya cika musu zuciya. Waɗanda suka nemi taimako kuwa, galibi abokai suka tunkara, ba likita ba.

Shin akwai hujjar da za mu ce yaran Dutsin-Ma da Kurfi sun tsira? Waɗannan yara ne da suka tashi cikin fargabar 'yan bindiga, wasu sun yi gudun hijira, wasu sun rasa iyaye.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi damuna shi ne Hausa ba ta da tsayayyen suna ga wannan ciwo. Muna da "iskokai", muna da "taɓin hankali", muna da "neman suna". Na farko ya kai yaro wurin mai ruƙiyya kaɗai, na biyu ya jawo masa tsangwama, na uku ya jawo masa bulala. Ga shi kuma mun tarbiyyantar da shi cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaya zai yi magana?

Nan ne nauyi ya hau kan likitoci da malaman jinya na manyan asibitocin Dutsin-Ma da Kurfi, da asibitin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Ɗinke rauni a sallami yaro rabin aiki ne, domin wanda ya taɓa raunata kansa ya fi sauran shiga haɗarin kashe kansa nan gaba. A keɓe shi daga idon iyaye, a tambaye shi cikin Hausa mai taushi: "Me ke cin ranka?" Bincike ya nuna tambaya kai tsaye ba ta cusa wa yaro tunanin. Sannan a sa masa ranar dawowa, a shawarci iyaye su kulle magungunan ƙwari na gona.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Saura mu sauya harshenmu. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.