Injin batir ko mai waya: lissafin mai ƙaramin aikin hannu a Tamanrasset

A Aljeriya hutun mako Juma'a da Asabar ne. A ranakun nan ne ɗan Maraɗi ko ɗan Damagaram da ke zaune a unguwar Tahaggart ko Gaat el Oued yake samun sukunin gyara ƙyauren ɗakinsa, ya kafa katako a bango, ya yanka ɗan ƙarfe ya tsare taga. Shi ba kafinta ba ne, ba mai walda ba ne. Injin da zai saya wataƙila sau ɗaya ko biyu zai taɓa shi a wata. Irin wannan mai saye ne a yanzu yake karkata ga injin huda da injin yanka ƙarfe masu batir, yana barin masu waya a kan kanta. A ganina, shi ne kuma wanda wannan zaɓi ya fi cutarwa.

Abin da ya kawo sauyin ya faro ne nesa da Hamada. Kamfanin Black & Decker ya fitar da injin huda mara waya tun 1961, amma shekaru da dama batiran nikel ne ke cikinsa, masu nauyi da saurin ƙarewa. Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, sai a 2005 Makita da Milwaukee suka sa shi a manyan kayan aiki. Daga 2010 zuwa yau farashin batirin litiyam a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, saboda wayoyin hannu da motocin lantarki sun sa masana'antun Sin buga shi babu ƙaƙƙautawa. Da haka kayan Ingco da Total da Crown, da wasu da ba su da suna ko kaɗan, suka iso har garin da ke kusan kilomita 2,000 kudu da birnin Aljas.

Dalili na biyu daga gida muka taho da shi. Wanda ya girma inda ake ɗauke wuta ba sallama, da ya ga injin da ba ya buƙatar soket sai hankalinsa ya kwanta. Mutanen Nijar ba su manta da abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba kamfanin lantarki na NIGELEC, garuruwa suka shiga duhu na watanni. Mai sayen injin a Tamanrasset sau da yawa yana tunanin ranar da zai ɗora shi a mota ta In Guezzam da Assamaka zuwa gida. Akwai kuma masu aiki a wuraren da wuta ba ta kai ba: gini a bayan gari da ba a sa masa mita ba, lambuna wajen Abalessa, ko dajin haƙar zinariya. Waɗannan hujjarsu mai ƙarfi ce, ba na jayayya da su.

Sai dai a cikin gari lissafin daban ne. Wutar kamfanin Sonelgaz gwamnati na tallafa mata, tana da arha, kuma duk da cewa layin Tamanrasset ba a haɗe yake da babban layin arewa ba, mai ɗakin haya yakan sami wuta a mafi yawan lokacin da yake son aiki. Matsalar da injin batir ya zo ya warware ba ta cika damun wannan mutum ba. Abin da zai dame shi yana cikin batirin kansa.

Batirin litiyam yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, kamar jakin da ke cin harawa ko ya yi dako ko bai yi ba. Mai sana'a da ke cajinsa kullum yakan ci moriyarsa kafin ya mutu. Mai aikin Juma'a kuwa wani lokacin sai ya ajiye shi wata uku a akwati, kuma abu biyu ne ke jiransa. In ya ajiye shi cike fal a wuri mai zafi, ƙarfinsa yana raguwa ba dawowa. In ya ajiye shi a mace, ƙwayoyin cikinsa kan zube ƙasa da bolt 2.5, caja ta ƙi karɓarsa. Tamanrasset tana da sa'a ta fuskar zafi, domin tana kan tsaunukan Ahaggar a tsayin sama da mita 1,300, ba ta kai In Salah ko In Guezzam ƙuna ba. Amma ɗaki mai rufin kwano ko cikin mota a rana ya isa ya dafa batir. Da hunturu kuma dare kan yi sanyi har kusa da daskarewa, alhali cajin litiyam ƙasa da digiri sifili yana lalata shi.

Sannan ga ƙaryar da ke jikin kwali. Batirin da aka rubuta wa 20V da wanda aka rubuta wa 18V abu ɗaya ne: ƙwayoyi biyar a jere, kowace bolt 3.6. Wannan dabarar talla ce kawai, har manyan kamfanoni suna yi. Amma in ka ga 48V ko 88V a kan ɗan injin da bai fi tafin hannu biyu ba, to mafi yawa ƙwayoyi biyar ɗin nan ne a ciki. Ƙwayar da ake kira 18650, mafi kyawunta ba ta wuce kusan mAh 3,500 ba, duk da haka ana buga 9,900 a jikin jabu. A kayan arha batir ne wurin da mai ƙera ya fi rage kuɗi, domin shi ne abin da mai saye ba ya iya dubawa a shago.

Lissafin ƙarfin ma mai sauƙi ne. Batir mai bolt 18 da Ah 2 yana ɗauke da wat 36 na awa ɗaya. Ga ɗaure kusoshi da huda katako wannan ya wadatar, har ya yi saura. Amma injin yanka ƙarfe da ke jan wat 500 zai shanye shi cikin minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Mai waya na wat 750 kuwa zai yi ta yanka har faifansa ya cinye. Haka batun yake ga zarto da injin fasa kankare.

Mai waya shi ma ba tsarkakke ba ne. Ƙurar Hamada tana shiga ta kafofin iskarsa, ta cinye gawayin da ke goga a injin, kuma doguwar waya mai siririn jan ƙarfe kan rage masa wuta har ya yi zafi ya ƙone. Bambancin shi ne ciwonsa yana da magani a kusa. Gawayi biyu, makunni, ko sabon naɗin waya, duk mai gyaran fanka da injin ban ruwa ya iya, a Tamanrasset ko a Agadez ko a Kano. Batirin injin mara suna kuwa bakinsa ba ya shiga na wani kamfani, kuma a ƙasar da ke tsaurara shigo da kaya, samun irinsa bayan shekara biyu sai an dace. In an samu, kuɗinsa kan yi kusa da na sabon injin, sai a jefar da lafiyayyen inji saboda mataccen batir. Wasu masu gyaran waya sun fara buɗe batiran suna canja ƙwayoyi, abin da ke da amfani in an yi da ƙwayoyi iri ɗaya. In aka gauraya tsoho da sabo, ko aka cire allon kariya, batirin na iya kamawa da wuta a ɗakin da mutum biyar ke kwana.

Ga mai ɗan kuɗi, abin da ya fi dacewa shi ne ya raba sayen gida biyu. Injin yanka ƙarfe da zarto su zama masu waya. Injin huda da ɗaure kusa shi kaɗai ya zama na batir, daga kamfanin da ake ganin batirinsa daban a kan kanta a cikin gari, ba a cikin kwali kawai ba. Ya ajiye shi da kusan rabin caji a inuwa, ya duba shi duk bayan wata biyu ko uku. Wanda kuma ya ƙudura komawa ƙauyen da sai hasken rana, ya tambayi mai shago tun kafin ya biya ko akwai cajar da ke aiki da bolt 12 na mota ko na faranti, domin yawancin cajojin da ke zuwa cikin kwali wutar bolt 230 kaɗai suka sani.